Bugu Biyu a Bango

"Ba zan faɗa ba," na ce.

Yaya Manaja yana tsaye a ƙofar shagon, hankici a hanci, yana ɗage ƙafa kada garin katako ya taɓa masa takalmi. Shi ne babban ɗan maƙwabcinmu, Baba Kafinta. Da garin katakon nan aka ciyar da shi har ya zama manaja a kamfanin ƙofofin roba, amma yanzu warinsa yake ji.

"Kalma uku ce fa, Injiniya. Ki shiga ki ce masa inji ya mutu. Shi ke nan."

"Bai mutu ba."

"Ke kika haife shi?"

"Ni na buɗe cikinsa."

Ya yi dariya ta cikin hankicin. Idan ya ce min Injiniya, jan kalmar yake yi kamar yana kiran ƙaramar yarinya da ta sa takalmin uwarta. Mu biyu ne mata a ajinmu na lantarki, cikin mutum arba'in da ɗaya, kuma ni na zo ta ɗaya. Shekara biyu ke nan takardar shaidata tana cikin akwatin Umma, ni kuwa ina gyara wa matan layinmu dutsen guga da fanka.

"Takardar neman aikinki tana kan teburina," ya ce. "Ranar Litinin za a zauna. Ki yi tunani, ƙanwata."

Abin da ya sa yake bukatar bakina shi ne, Baba ya riga ya yanke magana a gaban iyalinsa: "In yarinyar nan ta ce ba ya tashi, ku sayar. In ba ta ce ba, kada wanda ya kwance min ko noti ɗaya." Yaya Manaja kuwa ya riga ya samo mai sayen tsohon ƙarfe. So yake a share shagon a jera ƙofofin kamfaninsu.

Injin sassaƙa ne mai aiki da kwamfuta, kuma ya girme ni. Tebur ne na ƙarfe mai tsawon gado, da kai mai yawo a samansa. A bakin kan ake ɗaura haƙorin yanka, moto uku suna tura shi gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa, yana fitar da zane a jikin katako. Rabin ƙofofin layinmu daga teburin nan suka fito. Shekara biyar da suka wuce akwatin da ke ba shi umarni ya ƙone, masu gyara suka ce an daina yin irinsa. Ranar da Baba ya ba ni mabuɗi na buɗe akwatin, ɓera na tarar a ciki, ya bushe ya manne da allon lantarki, haƙoransa a kan waya. Sai da na fita na tofar da yawu sau uku.

Na kwashe komai na zubar. Ƙarfen lafiyarsa ƙalau, moto ukun ma haka. Ƙwaƙwalwa ce kawai ta mutu. Na sa sabon allo wanda bai fi tafin hannuna ba, da sababbin na'urori uku masu tuƙa moto, da jan maɓallin tsayarwa na gaggawa. Waya sittin da huɗu na bi ɗaya bayan ɗaya da mitar gwajin wuta, saboda babu takardar da ta nuna ina kowace ta nufa. Wata biyu ina durƙushe, dalma ta ƙone ni a yatsu huɗu. Ana cikin haka Baba ya kwanta. Ƙirji ne. Shekara arba'in yana shaƙar abin da ɗansa yake toshe wa hanci.

A gida Umma ta tare ni tun ban cire takalmi ba. Labari ya riga ni ta ƙaramar ƙofar da ke tsakanin gidajenmu.

"Ke wace irin yarinya ce? Mutum zai ba ki aiki, kina yi masa taurin kai?"

"Ƙarya yake so in yi wa mara lafiya, Umma."

"Ƙaryar da za ta kwantar da rigima! Tsohon nan kwana nawa ya rage masa? Shekara ashirin muna ɗiban ruwa a famfonsu. Bokon nan naki bai koya miki zama da mutane ba?"

"Ya koya min gane waya mai wuta da marar wuta."

"To ki ci wayar," ta ce, ta juya min baya.

Ranar Asabar da hantsi na kunna. Na danna kibiya a kwamfuta, kan injin ya zame zuwa dama, sumul, kamar an ja shi a kan mai. Na mayar da shi hagu. Na ɗaga shi, na sauke. Na sa shi ya zagaya teburin sau goma ba tare da haƙori ba, ya dawo daidai inda ya tashi, ko kaurin gashi bai kauce ba. Ban san lokacin da na yi tsalle ba.

Ɗakin Baba bango ɗaya ne da shagon. Na shiga da gudu, warin ya tsayar da ni. Kwanon tofa majina ne a ƙarƙashin gado, ƙudaje a bakinsa. A kan tebur kwalayen lemo sun kai goma, ba a buɗe ko ɗaya ba. 'Ya'yansa ne ke kawowa. Su tsaya daga ƙofa, su ɗauki hoto su aika wa dangi, su fita suna fesa turare. Inna, matarsa, ita kaɗai ke wanke kwanon, ga ta da ciwon gwiwa.

"Baba, ya tashi!"

Ya juyo da kai a hankali. Ya rame har kunnuwansa sun yi masa yawa.

"'Yata, ba sai kin ɓoye min ba. Yayanki ya gaya min. Ya ce kin gwada ya gagara, kunya ce ta hana ki faɗa."

Na matsa kusa da gadon.

"Yanzun nan ya zagaya tebur sau goma, Baba."

"Ina kwance a nan tun safe, kunnena a bango. Ban ji komai ba." Ya yi tari, Inna ta tara masa kwano. "Injina in yana tafiya gurnani yake yi. Kofin nan har rawa yake a kan taga."

Sai a lokacin na gane. Tsohon akwatin fizgar moto yake yi, shi ya sa yake gurnani. Sabon kuwa lallaɓa su yake, ba a jin komai sai ɗan shuu. Abin da na fi alfahari da shi, shi ne ya tabbatar wa Baba da ƙaryar ɗansa. Na yi masa bayani iya iyawata.

"Abin da ba ya magana, ta ina zan san yana da rai?" ya ce.

"In ya ci katako zai yi magana. Sai dai Yaya ya kwashe akwatin haƙora."

Baba ya dubi Inna. Ta sa hannu ƙarƙashin matashinsa ta zaro wani tsumma a ƙulle. Haƙori ne guda ɗaya, mai baki kamar tsinin mashi, ya sha mai.

"Wannan ba ya kwana a shago," ya ce. "Zane na goma sha bakwai, igiya da ganye. Yana cikin tsohon faifan zanena da kika kwafe a kwamfuta. Akwai katako mai kyau a bayan ƙofa." Ya miƙa hannu ya ɗauki kofin ƙarfen da ke taga. "Da can in na shigo hutawa, da wannan nake yi wa ma'aikatana magana. Bugu ɗaya, ci gaba. Bugu biyu, rage gudu, kana cutar katako. Kin riƙe?"

"Na riƙe, Baba."

"Za mu gani, Injiniya." A bakinsa kalmar ba ta da ja.

Washegari da rana ina ɗaure katakon a tebur, sai ga Yaya Manaja da baƙonsa, wani ƙaton mutum mai riga duk baƙin mai. Mutumin ya zagaya injin, ya shure shi a ƙafa, ya ƙwanƙwasa teburin da mabuɗin mota.

"Ƙarfe ne na da," ya ce. "Zai yi nauyi a sikeli. Sai dai a yanka shi gida huɗu kafin ya fita ƙofar nan."

Ta bango muna jin tarin Baba. Ko ɗayansu bai rage murya ba.

Na ɗaura haƙorin, na sauke shi har ya taɓa fuskar katako, na danna. Ƙara ta cika shagon. Haƙorin ya nutse, garin katako ya tashi fari, igiya da ganyen farko suka fara fitowa.

"Kashe!" Yaya Manaja ya daka tsawa. "Kashe abin nan! Mahaifina ba shi da lafiya!"

"Yau ka tuna?"

Ya nufi jan maɓallin. Na riga shi, na tsaya a gabansa, bayana a jikin akwati.

"Matsa, ko in matsar da ke."

"Taɓa ni, Yaya. Ga shaida ka kawo da kanka."

Sai muka ji. Ƙwas. Ƙwas. Ƙarfe a jikin bango, sau biyu, ba ƙarfi, amma duk mun ji.

Yaya Manaja ya daskare. Ya san bugun nan, da shi ya tashi. Na miƙa hannu na rage gudu da kashi ɗaya cikin huɗu. Kukan haƙorin ya sauko, ya daina tsuwa, ya koma wata murya mai kauri. Muka jira.

Ƙwas.

Mai sayen ƙarfen ya dubi bangon, ya dubi Yaya Manaja. "Ka ce min mataccen inji ne," ya ce, ya fita ya tsaya a waje. Yaya Manaja ya bi shi yana magana ƙasa-ƙasa.

Ni kuwa na tsaya ina kallon ganye yana fitowa bayan ganye, igiya tana murɗewa a tsakaninsu. Garin katako ya rufe min gira. Kunnena ɗaya a inji, ɗaya a bango. An kai kamar minti ashirin, zane ya kai rabi, sai na ji muryar Inna. Ba ihu ta yi ba. Sunansa take kira, tana sake kira, sunan da ban taɓa jin ta faɗa ba.

Na doki jan maɓallin. Injin ya tsaya nan take, kamar yadda na tsara shi.

Kafin a dawo daga kai shi makwancinsa, magana ta gama zagaya layi: 'yar boko ta kunna inji a kan mutum yana cikawa. Yaya Manaja ne ya faɗa a gaban masu gaisuwa, hankicin nan a ido wannan karon, ko jiƙewa bai yi ba. Matan da na gyara wa dutsen guga suka riƙa matsawa in na zauna. A kwana na huɗu aka zo da abin yankan ƙarfe. Daga tsakar gidanmu na ji ana raba teburin gida huɗu. Wayoyina sittin da huɗu, filaya ɗaya aka sa musu.

Ranar Litinin ɗin ta zo ta wuce, aka dawo min da takardata a ambulan da ba a ko liƙe ba. An sa kwaɗo a ƙaramar ƙofar da ke tsakaninmu. Yanzu daga bakin titi nake ɗauko ruwa, jarka biyu safe, biyu yamma, kuma Umma ta yi wata guda ba ta ce min komai ba sai "ga abinci." Aiki, da maƙwabta, da bakin mahaifiyata: abin da kalma uku da na ƙi faɗa suka ci min ke nan. Da za a sake tambayata, amsar ba ta canja ba.

Wata safiya ina shanya, na ji ana kirana a hankali ta saman katanga. Inna ce, ta taka wani abu. Ta miƙo min katakon da injin ya fara sassaƙawa, sannan kofin Baba.

"Na ɓoye su a ƙarƙashin gado," ta ce. "Can ba mai leƙawa."

"Inna, ya sha wahala da ƙarar?"

"Wahala? Cewa ya yi in yi shiru, ina hana shi ji." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ya ɗaga kofin zai sake bugawa. Hannun bai kai bango ba."

"Ɗaya zai buga ko biyu?"

"Ban sani ba, 'yata."

Katakon yana kan tagar ɗakina, kofin a gefensa. Wani lokaci nakan bi zanen da babban yatsa. Ganye uku na farko bakinsu da kaushi, har da ɗan baƙin ƙuna. Daga na huɗu sai sumul, sumul, har inda igiyar ta tsaya a tsakiyar murɗa.