Inuwata da Tallafin Sagiru

Daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba. Na tsinci kaina a wani gari inda ruwan sama ke tasowa daga ƙasa, kowa na tafe da lema a ƙarƙashin ƙafarsa. Duk abin da ya faru a garin sai a rubuta shi a jikin bulo, a ɗaure bulon da na bayansa. Sunan abin Sarƙa, kuma ba a goge ta. Wanda ke son a karɓi shaidarsa a kan sabon bulo sai ya jinginar da inuwarsa. Tawa ta shekara biyu a ajiye, ina yawo a rana kamar aljani.

Sai ga ni a ofis, gaban wata akuya mai tabarau tana taunar fayil.

"Malam Bashari, an sabunta Sarƙa," in ji ta. "Yau kowa zai cire inuwarsa. Ka ce 'na shaida' kawai."

"Me zan shaida?"

"Bulo ɗaya ne, magana biyu. Cire ajiya, da tallafin binciken bana."

"Wa aka ba tallafin?"

"Sagiru."

Sagiru abokin aikina ne, teburinmu ɗaya, ni na koya masa yadda ake neman tallafi. Ni shafi arba'in na rubuta a kan dalilin da ya sa ruwa ke hawa sama. Shi kuwa layi biyu ya yi a bayan takardar tsire, wai zai binciki ko lema na jin sanyi. Hassada ta turnuƙe ni, ba zan ɓoye ba.

"A raba maganar biyu, ranki ya daɗe."

"Ba a raba bulo," ta ce, ta haɗiye sauran fayil ɗin.

Sai ga mu a fili, layi na tafiya da baya. Kowa ya ce "na shaida", inuwarsa ta fito a goge, a ninke. Sagiru ya zo yana ta murmushi, tallafin na bin sa a baya, wata ƙatuwar kabewa mai ƙafafu.

"Yaya Bashari, saura kai," ya ce. "Ai tare za mu ci."

Wannan "tare" ɗin ne ya ƙarasa ni. Na ce, "Ban shaida ba."

Garin ya tsage gida biyu ba ko ƙara. Jama'a suka tafi da sabuwar Sarƙa, ni na zauna a tsohuwar, inda ba a taɓa ba Sagiru komai ba. Na ji daɗi sosai, na kusan minti ɗaya. Na koma ofis na ce a ba ni inuwata.

"Nan tsohuwar Sarƙa ce," in ji akuyar. "Ba mu da cirewa."

Na hango Sagiru a can tsallake, rana na dukansa, yana tafe da inuwa biyu. Ta biyun tana ɗingisawa irin nawa. Ya rage sauri don kar ya bar ta a baya, har ya sa mata lema.

Na buɗe baki in ce na shaida, sai ƙarar hon ɗin babur ta fito daga bakina. Na farka. Sagiru ne a ƙofar gida, ya zo ɗaukata a babur zuwa wurin aiki kamar kullum.