Ja da Rawaya

Shekara arba'in Mijinyawa yana haƙar saiwoyi a gangaren bakin ruwan Ƙaraye, babu tsiron da bai san sunansa ba. Yau ga shi yashe a tabarma, ɓarin jiki ya shanye, harshe ya yi nauyi, ko "ruwa" ba ya iya cewa. Ido kaɗai ya rage masa, sai hannun hagu mai motsi in ya ga dama.

Da hantsi 'yarsa Zakiyya ta shigo, ƙafa duk taɓo, kofi a hannu ɗaya, reshe mai fure a ɗayan.

"Sannu Baba, ya jikin? Na samo maka rumana a gangare. Ja da rawaya, yadda na sha jin kana faɗa. Har na dafa saiwar."

Kallo ɗaya ya yi wa reshen ya gane ba rumana ba ce. Ganyen rumana miƙe yake kamar takobi. Wannan kuwa bakin ganyensa ya nannaɗe, furen ya juya baya. Gatarin kurege ne, guba. Duk damina tare suke fitowa a gangaren nan. Ya taɓa ganin abin da ya yi wa akuya.

Wa zai zarga? Sau nawa tana yarinya ta tsuguna gefensa tana tambaya, ya kore ta, wai ba aikin mata ba ne! Launi kawai ta tsinta daga bakinsa.

Ta kai kofin bakinsa, ya datse haƙora.

"Haba Baba! Kai da ke ɗura wa mutane maɗaci? To bari in fara sha ka gani."

Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko ranar da ya faɗi. Ya tattara duk abin da ya rage masa ya kai hannun hagu, ya make kofin. Kofin ya kife a zanenta.

Idonta ya ciko. Tun da take bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Ya zuba wa reshen ido, ya dube ta, ya sake duban reshen. Ita kuwa ta ɗauki reshen ta sanya masa a tafin hannu, a zatonta marmarin gangare yake yi.

"Ba komai, Baba," ta ce tana share hawaye. "Akwai saura a tukunya. Bari in ɗanɗana a can, in ƙara maka zuma."

Ta ɗaga labule ta fita.