Gilashin Baya na Hagu

Dogo na tsakiyar hura wa murfin motar iska aka ɗauke wuta. Injin busarwar ya yi wani gurnani ya mutu a hannunsa, ruwan da yake korawa ya tsaya cak a kan fenti.

"To fa! Majinyacin naka ya sake suma," in ji Kawu, tsohon da ya fi kowa daɗewa a wurin wankin motar. Yana zaune kan bokiti, tawul rataye a kafaɗa. "Nawa injin ba ya shan wuta, shayi kawai yake sha."

"Naka ai karce fenti yake yi, Kawu. Ƙwayar yashi ɗaya ta maƙale masa, shi ke nan ka yi wa motar mutane zane."

"Iska kuwa ta san lungu? Ta san bakin ƙofa?"

Tela, mai motar, bai yi dariya ba. Kullum layin Dogo yake bi, ko da layin ya kai bakin titi, kuma ba don fenti ba ne. Fentin motarsa ya daɗe da sallama. Dalilinsa ɗaya ne, mai iska ba ya buɗe ƙofa, daga waje yake gama aikinsa. Mai tawul kuwa sai ya leƙa ciki ya goge gilashi.

A gilashin baya na hagu, ta ciki, akwai sawun tafin hannun Auta, ƙaramar 'yarsa. Ranar da zai kai ta asibiti uwarta ta shafe ta da mai, ita kuma ta manna hannu a gilashin tana nuna masa wani mai balan-balan. Ba ta dawo gida a motar ba. Sawun ba ya fitowa sai rana ta karkata. A lokacin ne yake ganinsa ta madubi, yatsu biyar, ƙaramin ya ɗan goce, sai ya ji kamar in ya waiwaya zai same ta zaune. Ba ya waiwayawa. Ko matarsa bai taɓa gaya wa ba, tsoro yake ta ce ya zautu, ko kuma ta gani ta zube.

"Maigida, kawo mukulli in matsar da motar inuwa, kafin in tayar da janareta," in ji Dogo.

Tela ya miƙa masa, ya tsaya ya ga an matsar da ita an rufe. Sai wayarsa ta yi ƙara. Yayarsa ce, wadda ba ta iya gajeren zance ba. Janareta ya fara tari a bayan shago, ya tashi ya mutu, ya tashi ya mutu, dole Tela ya fita bakin titi ya toshe kunne ɗaya.

"Kana cin abinci kuwa? Matarka ta ce ka rame."

"Ina ci, Yaya."

"Ƙarya kake, muryarka ma ta rame."

Kawu dai ya yi ta kallon ruwan yana bushewa a jikin motar, yana barin farin tabo ɗigo-ɗigo. Abin da ya tsana ke nan a duniya. Ya yi tsaki, ya miƙe, ya matse tawul ɗinsa. Mukulli na jiki, ƙofofi ba a kulle ba.

Da Tela ya juyo, abin da ya fara gani shi ne ƙofar baya ta hagu a wangale, da ƙafafun Kawu a waje. Wayar na hannunsa Yaya na ta magana, ya ruga, santsin kumfa ya kusa kayar da shi.

Kawu ya fito yana haki, fuskarsa cike da fara'a.

"Duba nan, maigida. Wannan Dogo shekara zai yi yana hura iska bai ga wannan ba. Maiƙo ne ya kama gilashin, hannun yaro, sai da na dirje shi sau uku. Ka ce wa yaran gida su daina tattaɓawa."

Tela ya durƙusa, ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ya hura wa gilashin numfashi. Tas yake. Ta cikinsa yana hango titi, da motoci, da mutane suna harkarsu. Zuciyarsa ta yi masa nauyi kamar ranar da aka fito masa da Auta a naɗe. Ya so ya yi ihu, amma tsohon na tsaye yana jiran a ce masa sannu da aiki.

"Sannu da aiki, Kawu," ya ce, da ƙyar.

"Yauwa. Lafiya dai ko?"

"Ba ni tawul ɗin nan."

"Wannan? Ai ya yi datti. Bari in ɗauko maka sabo, ko in ɗauraye wannan."

"Kada ka sa masa ruwa. Shi nake so, haka yadda yake."

Kawu ya dube shi, ya dubi gilashin, fara'arsa ta dushe a hankali. Ya miƙa masa da hannu biyu.

A bayan shago janareta ya kama, injin Dogo ya ɗauki kuka. Tela ya ninke tawul ɗin, ya kwantar da shi a kujerar baya ta hagu, ya rufe ƙofar a hankali, yadda ake rufe wa mai barci.