Kofi Biyu a Rana

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba. Karatu kawai na iya. In kun ga magana ta karkace a wani wuri, rashin sabo ne.

Ranar da abin ya fara, Baba ya dawo daga kasuwar Batsari da tsire ƙunshe a yagaggen shafin jarida. Wata biyu ke nan da sallamo shi daga asibiti a Katsina, bayan ya yanke jiki ya faɗi a gonarmu ta Zakka dafe da ƙirji. Likita ya ce jijiyar zuciya ce ta toshe. Ya hana shi gishiri da maiƙo, ya ba shi ƙwayoyi iri huɗu, ya ce ya riƙa komawa duk wata. Tsiren namu ne, shi ƙamshin kawai ya samu.

Inna na rabon nama, ni kuwa na shimfiɗa takardar a gwiwata ina bin Turancin da yatsa ta cikin tabon mai.

"Naja'atu, me Nasara ya ce?" in ji Baba.

"Wai an yi bincike a wata ƙasa, Baba. Mutanen da suka taɓa samun bugun zuciya, masu shan gahawa a cikinsu, wato kofi, kofi ɗaya ko biyu a rana, an ga sun fi daɗewa a duniya."

Daidai nan takardar ta yage. Kalmar ƙarshe da ta tsira ma'anarta "amma". Na gan ta. Sai dai fuskar Baba ta washe irin yadda ban gani ba tun kafin ciwonsa, na haɗiye kalmar.

"Kofi biyu na kofi?" Inna ta ce. "To wanne ake sha, wanne ake wankewa?"

Baba ya ɗaga ƙaton kofin silbarsa na fura, wanda ni sai da hannu biyu nake ɗauka. "Ga kofi nan, Hansai. Saura kofi."

* * *

Da yamma ya kai labarin majalisa, yana alfahari da 'yarsa mai karanta jaridar Turawa. Daga majalisa labarin ya isa kunnen Armaya'u, mai tallar magani da lasifika a kan babur, wanda ke bin kasuwanni daga Safana har Runka. Kafin sati biyu ya fito da sabon kaya: baƙin gari a ƙananan ledoji, babu suna, babu lamba. Da baki ya raɗa wa garin suna "kofin zuciya". Abin da ya cakuɗa a ciki, shi da Allah.

Baba ya sayo. Leda uku yake juyewa a kofin silba da safe, uku da la'asar.

A watan ne aka tare motar kasuwa a kan hanya aka kora mutane daji. Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce, ƙwayoyi suka ƙare.

"Malam, maganinka fa?" Inna ta tambaya.

"In je neman lafiya a kai ni daji? Ga magani har gida."

Ƙarfi kuwa ya zo masa. Mutumin da ke hutawa sau biyu kafin ya kai masallaci, sai ga shi a gona yana tayar da kunya goma bai miƙe ba. Maƙwabta suka yi ta barka. Ni da ke kai masa abinci gona ni na ga sauran: yatsunsa na kaɗawa har tuwo na suɓucewa, jijiyar wuyansa na harbawa kamar tsuntsu a tarko.

Rannan na tsuguna a gindin marke, na tattara duk ƙarfin halina.

"Baba, takardar nan ba ta ƙare ba. Akwai 'amma' a ƙarshenta."

"Amma me?"

"Ban sani ba. Wurin ya yage."

Ya yi dariya har da tari. "To mai tsire ya cinye ammar. Ke 'yar boko, abin da kika karanta da bakinki shi kike tsoro?"

"Ba su ce a bar magani ba. Kuma kofinsu ƙarami ne, kamar na shayin Buzaye. Wannan garin ma ban san ko kofi ba ne."

"Uwata," haka yake kirana in yana son in yi shiru, "wata biyu ina zaune kamar tsohuwar tukunya, matata na roƙon a yi mana noma. Yau ni ke riƙe da garma. Ki bar ni in ji daɗin karatunki."

Na bar shi. Wannan ne wurin da nake yawan tsayawa in na tuna. Da na yi kuka, da na zubar da ledojin, da na gaya wa kawuna. Ban yi ko ɗaya ba. Na kwashe kwanuka na tafi gida.

Kwana tara bayan haka, da hantsi, aka kawo shi a kan amalanke. Garmar na can tsaye a tsakiyar kunya. Masu gaisuwa suka ce kwana ya ƙare, kuma gaskiya ne. Ba wanda ya tambaye ni komai.

* * *

Bayan sadakar arba'in Inna ta aike ni kasuwar Safana sayen kanwa da daddawa. Ina tsakiyar 'yan koli sai na ji muryar Baba.

Na waiwaya. Daga lasifikar Armaya'u take fitowa, ashe ya taɓa ɗaukar maganarsa a waya.

"Ni ne Yusha'u na Zakka. Likita ya ce in zauna, yau ga ni ina noma. 'Yata ce ta karanta a jaridar Turawa, kofi biyu a rana!"

Har 'yar dariyar nan tasa tana ciki. Maganar ta ƙare, ta sake farawa.

"Kun ji da kunnenku!" Armaya'u ke ihu yana kaɗa ledoji. "Ba ni na faɗa ba! Hajiya, matso, kada a bar tsoho da haki!"

Mutane sun yi masa zobe. Na yi niyyar in kutsa tsakiya in ɗaga murya, amma na tsaya a bayan zoben. Kusa da ni wata dattijuwa ce ke kwance bakin zanenta da haƙori.

"Wa za ki saya wa, Iya?" na tambaya a hankali.

"Maigidana, 'yar nan. Shi ma ƙirjin ne. Kin ji wannan bawan Allah yadda ya warke."

Na matsa dab da kunnenta. "Mai wannan muryar yau kwana arba'in da shida da binne shi."

Hannunta ya tsaya a kan ƙullin. Ban jira in ga ko za ta kwance ko za ta mayar ba. Na ja mayafina na rufe fuska, na bi ta bayan rumfar masu gishiri. Har na kai bakin tasha ina jin Baba yana gaya wa kasuwa cewa ya warke.