Allurar Osla

Osla Mouat ta tura ƙofar zauren gasar da kafaɗa, akwatin gogenta rungume a ƙirji. Kakanta Magnie na biye da ita yana haki.

"An rufe karɓar sunaye tun da safe," in ji matar da ke zaune a teburin shiga. "Daga ina kuke?"

"Daga tsibirin Unst," in ji Magnie.

"Au, 'yan Shetlands ne."

"Shetland, Madam. Mu dai haka iyayenmu suka bar mana sunan."

Ya yi mata bayani cewa tun shekaranjiya suka baro gida, iska ta tsare jirgin ruwa a Lerwick, sai yanzu suka sauka a nan Aberdeen. Osla ta laɓe a bayansa. Dama ita ko a aji aka kira sunanta sai muryarta ta maƙale. Amma bana ce shekararta ta ƙarshe a gasar goge ta matasa, kuma kiɗan da ta zo da shi na Kaka ne, wanda ya koya mata kafin sanyi ya sandarar masa da yatsu.

"Ku yi haƙuri, Baba," in ji matar. "Yaran Glasgow ma sun iso a kan lokaci, ga su nesa. Ku kuwa ga ku nan kusa da mu."

Ta nuna babbar taswirar Scotland da ke rataye a bango sama da teburin. Al'adar gasar ce kowane yaro ya soka allura mai jan kai a garinsu. Su Shetland an tsame su daga arewa, an zana musu ɗan akwati a cikin teku, gefen Aberdeen kaɗan, don takarda ta isa.

Magnie ya yi dariyar takaici. "Kin gani, 'yar tsakona? Ashe a bayan gidansu muke. Duk aman da kika sha a jirgi na banza ne."

"Kai ma ka yi, Kaka."

"Ni gaisawa na yi da kifaye. Taho mu nemi shayi."

Ya juya. Osla ta ga yadda ya cusa hannuwansa a aljihu.

Ta ajiye akwatin gogen. Ta ɗauki allura ɗaya daga kwanon da ke gaban matar, ta cire takalmanta, ta taka kujera, ta hau teburin.

"Ke, yarinya, sauko."

Ba ta sauko ba. Ta buɗe tafinta a kan taswirar, babban yatsa a Glasgow, ƙarami a Aberdeen. Da wannan taƙin ta riƙa aunawa daga Aberdeen zuwa arewa. Na farko ya faɗa teku. Na biyu ya tsallake katakon taswirar ya sauka a farin bango. Ta yi ɗage, ta danna allurar a wurin da ƙarfi.

"Nan ne gidanmu," ta ce. Har waɗanda ke bakin ƙofa sun ji. "Daga nan muka taho. Ba mu makara da gangan ba."

Wani yaro mai riƙe da goge ya ɗaga kai yana kallo. "Can sama? Akwai mutane a can?"

"Akwai," in ji Magnie. "Da tumaki. Su ma sun fi ka iya kiɗa."

Iyayen da ke tsaye suka fashe da dariya, wasu suka fara tafi. Matar ta daɗe tana duban allurar, ta dubi ɗan akwatin da ke cikin taswirar, ta sake duban allurar. Sai ta jawo kati ta miƙa wa Osla.

"Ke ce ta ƙarshe. Amma don Allah sauka mini daga tebur."

Sai da aka kira sunanta ta gane abin da ta jawo wa kanta: zaure cike maƙil, ita kaɗai a tsaye. Ta ɗora gogen a kafaɗa, ta ja layin farko a hankali kamar mai neman izini.

Daga can baya wani takalmi mai nauyi ya fara dukan daɓe, da sauri, irin saurin da ake rawa da shi a bikin Unst. Osla ta bi shi. Kafin ta kai tsakiyar kiɗan, ba ta iya bambance ƙafar Kaka da ta sauran jama'a.