Sunan Ɗan Tsohuwa

Ni da Dijatu mun tsufa da alli a hannu. Ita lissafi take koyarwa, ni tarihi, a kolej guda cikin garin Filinge, kuma duk tsawon zamanmu ban taɓa jin ta faɗi sunan ɗanta na fari ba. Sunansa Hafizu. Ni kam ina faɗa, tunda ba ni na haife shi ba. Ita kuwa kunya biyu ce ta haɗe mata: ɗan fari ne, kuma sunan surukinta aka sa masa. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi zuwa ƙauyensu cikin ƙasar Kurfai, ya zama "ɗan tsohuwa". Haka Dijatu take ce masa, haka ta rubuta a wayarta. In aka samu ɗalibi mai wannan suna a ajinta, da sunan ubansa take kiransa har shekara ta ƙare.

Da hutun bazara ya zo aka ce malamai su taru a koya musu rubuta shiri na ordinatar, kwamfuta ke nan, wato yadda za ka tsara wa na'ura abin da za ta yi, don mu ma mu koya wa yara. Na yi mita iya mitata. Mace da jikoki, a wannan zafi da ko akuya ba ta barin inuwa, a ce ta koma benci. Sai ga labari wai wanda aka turo daga Yamai ya koya mana Hafizu ne.

Kafin a fara ya zo gaishe ni, kamar yadda ya saba, don ni yake ɗauka uwar da ake iya hira da ita. Ya ce ya samu aiki a Dakar, yana gama da mu zai wuce, kuma bai san yaushe zai sake ganin Filinge ba. Ya daɗe yana juya kofin ruwa a hannu kafin ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Inna Hafsa, ba raini na ba. Na san tana so na. Ni dai so nike in ji yadda sunana ka hita bakinta, ko sau guda, kahin in tahi."

Na yi masa faɗa. Na ce boko ya yi masa yawa, uwarta ma haka ta yi, kakarta ma haka, kuma babu wanda ya mutu. Ya yi dariya ya tashi. Amma maganar ta zauna mini a rai, don na ga idonsa lokacin da yake faɗa.

Ranar farko muka zauna gaban na'urori, ni da Dijatu benci ɗaya. Hafizu ya shigo da rigarsa a goge, ya gaida kowa, ya ce mata "Madam" kamar sauran. Ita kuwa ta kafa ido a kan allon na'urar kamar an ce mata wani abu zai fito daga ciki. Duk ɗakin an san ɗanta ne, kowa ya yi kamar bai sani ba.

Kwanakin farko na bi a daddafe. Da muka zo kan abin da ya kira kilas da obje ne na farka. Bai fara da na'ura ba. Ya tambaye mu ko akwai wanda bai san rumbu ba. Muka yi dariya. Ya ce to mu faɗa masa mene ne rumbu. Muka ce yana da mai shi, yana da hatsi a ciki, ana zubawa, ana ɗiba. Ya rubuta duka a allo, sannan ya juyo ya ce a kawo dami ɗaya a zuba cikin wannan rumbun da muka faɗa.

Ya ce ai ba ya yiwuwa, don wannan ba rumbun kowa ba ne, siffar rumbu ce kawai, ita ce kilas. Rumbun Alu da ke bayan gidansa, da rumbun Adamu da gara ta ci gindinsa, su ne obje. Siffa ɗaya ce, amma kowane da mai shi, kowane da abin da ke cikinsa, kuma in ka ɗiba daga na Alu na Adamu ba ya raguwa.

Na girma tsakanin rumbuna, na koyar da ƴaƴan mutane har gashina ya yi fari, ban taɓa lura cewa akwai wani rumbu da nake ɗauke da shi a kai ba, wanda ba a gina shi ko'ina ba, amma da shi nake gane kowane rumbu in na gani. Kuma wai ana iya rubuta shi, a ba na'ura, ta riƙa fitar da rumbuna daga gare shi iya yadda kake so.

Da aka zo gwadawa na tafka abin kunya. Na rubuta hatsin a jikin kilas ɗin kansa maimakon in ba kowane rumbu nasa, sai ya zama duk wanda na zuba wa, rumbunan gari gaba ɗaya sun cika. Wani malamin turanci ya ce a bar nawa haka, shi ne maganin yunwar Kurfai. Dijatu ko, da yake kan lissafi ne da ita, tashi ɗaya ta gane. Ita ta gyara mini, tana yi mini tsiya a hankali cewa dama ni ban taɓa sanin nawa da na maƙwabta ba.

Ana gobe za a rufe, Hafizu ya ba mu aikin ƙarshe. Ya rubuta kilas mai suna Mutum. Ya ce duk mutumin da za a fitar daga cikinsa dole a ba shi suna, ya kuma sa wa kilas ɗin aiki ɗaya da ya kira amsa: in ka kira mutumin, na'ura za ta rubuta "Na'am, ga ni," ta biyo da sunansa. Wani dattijo a cikinmu ya yi istigfari, ya ce wannan ai ya fara kama da halitta. Hafizu ya ce a'a, halitta ta Allah ce, mu kwatance kawai muke yi, kamar zanen taswira. Sannan ya ce kowa ya fitar da mutanen gidansa, gobe kuma kowa zai tashi ya karanta abin da ya rubuta a gaban jama'a.

Na harare shi. Ya ɗauke kai, ɗan banza, ya shiga gyara wata waya da babu abin da ya same ta.

Dijatu ta fara daga ƙasa. Ta rubuta Mutum("Anisa"), autarta, ta kira ta, allo ya ce "Na'am, ga ni, Anisa." Ta yi murmushi. Ta yi Kamal, ya amsa. Ta yi Samiratu da ke aure a Abala, ta amsa. Ina jin ta tana magana ƙasa-ƙasa, cewa ikon Allah, duk ciki ɗaya, ido biyu kunne biyu, amma babu wanda ya ɗauko halin wani. Hannunta na gudu a kan maɓallan kamar ta daɗe tana yi.

Sai ta rubuta Ibrah. Ban san ko da niyya ta yi ba, ko hannu ne ya bi jerin haihuwa. Ibrah shi ne na biyunta, ƙyanda ta ɗauke shi yana tatata, ni na riƙe ta ranar da aka fita da shi. Kafin in ce wani abu ta danna.

"Na'am, ga ni, Ibrah."

Ta janye hannunta daga na'urar. Na sani sarai rubutu ne, na ga inda Hafizu ya rubuta kalmomin da hannunsa, amma duk da haka sai da na ji tsoro da mamaki sun rufe ni. Fanka na juyawa a sama, mutane na ta ƙwanƙwasa nasu, mu biyu muna kallon layi ɗaya.

Da ta dawo hayyacinta saura mutum ɗaya. Ta rubuta Mutum, ta buɗe baka, alamar nan da ake sa suna a ciki, ta rufe, ba ta sa komai a ciki ba, ta danna. Jan rubutu ya cika allo. Ta sake, ya sake fitowa. Na ɗaga hannu na kira Hafizu, don ita ba za ta kira ba. Ya tsaya bayanmu ya duba, ya ce na'urar cewa take ba a ba ta suna ba, kuma ba ta fitar da mutum babu suna.

Na yi saurin cewa ta sa "ɗan tsohuwa" mana a wuce wurin. Na zaci zai hana. Amma yaron nan bai iya ƙarya a kan aikinsa ba.

"Tana karɓa, Madam," ya ce. "Ita ba ta san gaskiya ba. Duk sunan da kinka ba ta, shi za ta riƙe."

Ya wuce benci na gaba. Dijatu ta kashe na'urar ba ta rubuta komai ba.

A hanyar gida muka bi ta bakin kasuwa, rana ta yi sanyi, masu amalanke na komawa. Na yi ta zuba don in kawar da zancen, har na gaji na gaya mata abin da ya faɗa mini a gidana. Da muka kai ƙofarta ta tsaya ta dube ni.

"Hafsa, wanda yar rasu ya amsa mini yau," ta ce. "Mai rai ko, ban taɓa kiran shi ba balle shi amsa."

Na ce ai al'ada ce, babu mai ganin laifinta. Ta ce ta sani, kuma ba ta ce al'adar banza ba ce, don da ita ta girmama surukinta har ya koma ga Allah. Ta shige gida ta bar ni tsaye.

Washegari ɗakin ya cika, har da daraktan makarantar da wasu baƙi daga ofishin ilimi. Aka haɗa na'ura ɗaya da babban allo, kowa ya tashi ya karanta nasa. Ni na karanta nawa, jikokina suka amsa ɗaya bayan ɗaya, aka tafa mini kamar na ci jarrabawa. Hafizu yana can bayan ɗaki jingine da bango, jakarsa a ƙasa kusa da ƙafarsa, don motar Yamai ta azahar zai bi.

Aka kira Madam Dijatu. Ta gyara mayafinta ta fita, ta karanta kilas ɗin da muryarta ta aji, wadda ke sa yara su nutsu. Ta bayyana cewa Mutum siffa ce, ba kowa ba ce, sai an ba ta suna take zama wani. Ta kira Anisa, ta kira Kamal, ta kira Samiratu. Ta kira Ibrah, ta ce Allah ya jiƙansa, ɗakin ya amsa da amin. Layin ƙarshe a babban allo har lokacin babu komai tsakanin bakansa.

Ta sunkuya ta fara dannawa da yatsa ɗaya. Muna kallon haruffan suna fitowa manya-manya, ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin cikinmu suka sunkuyar da kai, don sun san abin da suke gani. Ni kam ban sunkuyar ba, ban ma ƙifta ba. Da ta gama ta miƙe, ta dafa teburin da hannu biyu, idonta a kan allo.

"Hafizu," ta ce.

Ba ta riga ta danna komai ba, allon bai ce uffan ba. Daga bayan ɗaki amsar ta zo, da wata murya kamar ta yaron da aka tasa daga barci.

"Na'am, Inna."

Babu wanda ya tafa. Na ji hawaye na bin fuskata, kuma ban share ba. Dijatu ba ta juya ba. Ta ɗan matsa gefe guda ta bar wuri kusa da ita a gaban na'urar.

"Taho ka duba mini," ta ce, "ko na rubuta shi daidai."