Tarar da Aka Biya da Sunan Kunkuru

Direbobin kamfanin suna kiransa Kunkuru, don ba a taɓa ganin ya wuce wata mota a hanya ba sai dai in ta lalace. Sukan ce in ya ɗauko ɗanyen tumatir, kafin ya iso ya zama busasshe. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya yi shekara da shekaru yana jan tirela bai taɓa ƙuje fentin kowa ba, kuma duk lokacin da aka sami kaya masu tsada, shi Manaja ke fara nema.

A gida yana da wata tsohuwar ƙaramar mota da aka yi wa rajista da sunansa. Ba ya hawanta sai in ya dawo hutu. Matarsa ce ke tuƙa ta, tun da ciwon ƙoda ya kama mahaifiyarta, wadda kowa a gidan ke kira Inna, aka fara kai ta asibiti wankin ƙoda. A hanyar asibitin akwai wata danja mai kyamara a bakin gada.

Takardar tara ta farko ta zo yana kan hanya. Matar ta kira shi a waya.

"Baban yara, an kawo takarda da sunanka. Wai motar ta tsallake danja."

"Kin tsallake ɗin?"

"Rawaya take lokacin da na shiga. Inna na ta amai a baya, hankalina duk yana kanta."

"To ki biya mana. Ina layin sikelin awon motoci, ga mota a gabana ga mota a bayana. Ki biya kawai a wuce wurin."

Ta biya. Bayan 'yan watanni wata ta sake zuwa, ta gudun da ya wuce ƙa'ida, ya ce ta biya. Ta ukun ma sai da ta biya sannan ta faɗa masa, ya ce ta kyauta da ta rage masa wahala. A ganinsu duka biyun, tara kamar kuɗin wuta ce, in an biya magana ta ƙare.

Tasa tarar ta zo masa ne wata rana da hantsi. Ana gyaran babbar hanya, an karkatar da motoci, ya kuskure wata kwana ya faɗa wani layi da aka hana manyan motoci shiga. Jami'in hanyar da ya tsayar da shi mutum ne mai fara'a, har ya taya shi tare motoci ya yi ribas, sannan ya rubuta masa takarda. Kunkuru ya biya a ranar.

Ya dawo daga wata tafiya yana wanke fuska a famfon gareji, aka ce Manaja na nemansa. Ofishin ɗan ƙarami ne, na'urar sanyaya ɗaki na ɗiga cikin bokiti, ga allon da ake rataye makullan motoci a bango. Manaja ya nuna masa kujera, abin da bai saba yi ba.

"Kamfanin inshora ya duba lasisin direbobinmu, kamar yadda suke yi duk shekara," in ji Manaja. "Naka makin laifinsa ya cika, har ya zuba."

"Wane maki, ranka ya daɗe? Tara ɗaya aka taɓa yi mini."

"Huɗu na gani a nan."

"Ukun ai na motar gida ne. Iyalina ce ke tuƙi, ni ina can wata duniya. Kuma duk an biya."

"Biyan ne ya jawo. Wanda ya biya tara ya amsa laifi ke nan. Motar da sunanka take, ba ku ce wani ne ke tuƙi ba, sai makin ya hau kanka. Mai ƙaramar mota ana yi masa sassauci, ku masu lasisin manyan motoci ba a yi muku."

Kunkuru ya kalli bokitin. Manaja ya ce shi ba shi da matsala da shi, amma motar da inshora ba ta tsaya mata ba ba za ta fita ƙofar nan ba. Ya miƙa hannu. Kunkuru ya zaro makullin daga aljihu ya ba shi, Manaja ya rataye shi a allo.

Sakataren ƙungiyar direbobi ya ce a je kotu, wataƙila a dace. Suka je su uku, sakataren da Kunkuru da matarsa. Ɗakin cike yake da mutane masu riƙe da takardu iri ɗaya, ana kira ana sallama kamar layin allura. Da aka zo kansu, matar ta miƙe ta ce ita ce ke tuƙi duk sau ukun, ta nuna katin asibitin Inna, ranakun sun yi daidai. Alƙalin ya duba, ya ce ya yarda da ita. Amma biyun farko lokacin ƙorafinsu ya wuce tuntuni, doka ba ta ba shi ikon taɓa su ba. Ta ukun ya mayar da ita kan matar. Abin da ya rage duk da haka ya isa, aka dakatar da lasisin Kunkuru na wata shida.

Suka koma gida. Da suka shiga, Inna na zaune a falo da bargo a ƙafa, ta dubi fuskokinsu ta gane.

"Ni na jawo maka wannan, ɗana," in ji ta.

"Haba Inna, ki bar wannan maganar. Kin sha maganinki?"

Bai yi wa matarsa faɗa ba. Ita dai ta fi son ya yi, don shirun ya fi damunta. Sau ɗaya ta tayar da zancen, tana ninke kaya, ta ce da ta karanta bayanin da ke bayan takardar tarar da ba a kai nan ba. Ya ce shi ya ce ta biya, ya ɗauki buta ya fita.

Kamfani bai kore shi ba. Aka mayar da shi cikin gareji a kan rabin albashi, yana duba iskar tayoyi, yana ɗaure tamfol, yana ɗaga wa motoci hannu su fita. Tirelarsa aka ba wani direba da ake kira Guguwa, wanda ya matsar da kujerar baya ya liƙa fitilu masu launi a gilashi. Duk safiya Kunkuru na jin yadda yake cusa giya tana ƙara. Rannan ya tare shi a bakin ƙofa.

"Ka riƙa jira ta ɗan sauko kafin ka sa giya ta uku. Ba ta son gaggawa."

"An gama, Baba," in ji Guguwa, ya fita kamar yadda ya saba.

Wa'adin ya cika, aka dawo masa da lasisi. Ya yi aski, ya sa wankakkiyar riga, ya shiga ofis. Manaja ya yi masa murna, sannan ya ce akwai sauran magana: dakatarwar za ta zauna a tarihinsa na wasu shekaru, kuma kuɗin da inshora ke nema kafin ta yarda ya ja tirela ya fi ƙarfin kamfani. Abin da ke akwai shi ne wata ƙaramar motar kaya mai rarraba katan-katan na sabulu a shagunan cikin gari.

Kunkuru ya ce zai yi shawara. Ya zaga wasu kamfanoni. Duk inda ya je sun san shi, suna ba shi kujera da ruwan sanyi, sai su duba tarihin lasisin su ce za su kira. Wayar ba ta yi ƙara ba. Ya koma ya karɓi motar sabulu.

Yanzu kullum a gida yake kwana, abin da yaran ba su saba ba. Autarsa ta kai ƙara wurin uwarta cewa Baba ya ƙwace mata kujerar kallo, kuma labarai kawai yake sawa.

Ranar da ya fara aikin, ya ɗaga ƙafa sama zai taka matakalar hawa, ƙafar ta sami iska, don motar ba ta da tsawon da ya saba. Ya shiga ya tayar. Da ya zo ƙofa sai ya buɗe can dama ya ɗauko kwana mai faɗi, yana leƙen madubi yana jiran bayan motar ya biyo shi. Maigadi ya riƙe ciki yana dariya.

"Baba, ai duk ta fito tun ɗazu!"

Kunkuru ya ɗaga masa hannu, ya kunna sigina, ya shiga titi.